Maƙeri da Tsoho Mai Sa Ƙota

Akwai wani maƙeri da manoman ƙauyuka uku suka ba shi aikin fartanya ɗari, a gama kafin noman farko. Yana da ma'aikata uku. Biyu ƙarfafa ne masu ƙera ƙarfen, na ukun kuwa Baba Iliya, tsoho, shi ke sassaƙa ƙota yana sawa.

Ƙarfafan nan, kai, akwai zafin nama! Kafin tsakar rana sun tara ƙarfe tuli a gaban tsohon, amma fartanyar da ake gamawa ba ta wuce biyar a yini. Sai suka sami maƙerin suka ce, "Maigida, Baba ya gaji. Ka sallame shi, in ba haka ba ciyawa za ta cinye gonakin mutane."

Ran maƙerin ya ɓaci, gama tsohon nan ne ya koya masa riƙe guduma. Ya ce, "Ku ba ni yini ɗaya."

Kashegari ya ajiye gudumarsa, ya zauna kusa da Baba Iliya, ya zuba ido. Ashe itacen ƙota yana can bayan katanga. Kowace ƙota sai tsohon ya miƙe da ciwon gwiwa ya je ya ɗauko, ya dawo ya tone tulin ƙarfe yana neman wanda zai dace da ita. Sassaƙar kanta kuwa, kafin ka sha ruwa ya gama.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Ɗana, kunya nake ji. Kada a ce na tsufa."

Idanun maƙerin suka cika da hawaye. Nan take ya sa aka kwaso itacen aka jibge a gefen tsohon. Ya kuma kafa doka: kada ƙarfe ya wuce uku a gaban Baba, in ya kai uku, ƙarfafan su bar wuta su gyara masa itace. Ciyawa ba ta kai ga yin ƙarfi ba kowane manomi ya karɓi fartanyarsa, Baba Iliya kuma bai bar maƙerar ba.

Ƙaunatattu, ma'anar wannan misali ita ce: maƙerar ikilisiya ce, wato jama'ar masu bi, ita ce kuma gidanku. Ubangijinmu bai tsaya daga nesa yana duban kasawarmu ba, ya sauko ya zauna tare da mu, ya ga abin da ke ɗaure mu. Na san akwai wanda kuke cewa ya cika nawa, har kun fara shawarar a ture shi gefe. To, a cikinku wa ya taɓa zama kusa da shi yini guda?