Furen Bayan Sito

Ranar Talata ce, farkon bazara. Babu iska, babu girgije, tun kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji ƙarfen famfo ya riga ya ɗauki zafi. Ran nan na ga ɓarnar da hannuna ya yi, kuma ran nan aka fara abin da zan faɗa game da Malaminmu, Shehin malami, masani mai aiki da saninsa, mai tsoron Allah a ɓoye da sarari, mai gudun duniya, Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya ƙara masa yarda.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Aji uku na yi aka cire ni, ɗan abin da na ƙara bayan wannan a gaban Malam na same shi. Shekara ashirin da biyu ina kula da lambun makaranta, shi kuma yana koyar da addini da Larabci. Idan an tashi yara, yakan zauna a barandar aji na ƙarshe, manyan malamai su zo daga nesa da littattafai a hammata, su zauna ƙasa a gabansa, ya warware musu mas'alar da ta hana su barci da kalma uku ko huɗu, sannan ya juyo gare ni, mai laka a ƙafa, ya saurari karatuna mai tuntuɓe da irin fuskar da ya saurare su. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya tafi, sai haske da duhu kawai yake bambancewa, amma bai taɓa neman a buɗe masa littafi ba, domin duk suna cikin ƙirjinsa.

Mai ɗakina ita ke sharar azuzuwa. Ni nawa kabeji ne da tumatir da latas da karas, abin da yara za su koyi shukawa su kuma ci. Ita kuwa sai ta bi gefen fangalina tana binne irin wani fure da ta taho da shi daga gidan mahaifiyarta. Ban san sunansa ba, ita ma ba ta sani ba, malamin kimiyya ya duba littattafansa bai same shi ba. Fari ne mai jan ciki. Da rana a rufe yake, sai la'asar sakaliya ya buɗe, ƙamshinsa ya tafi har ofishin hedimasta.

“Kin cinye min wuri da abin da ba a sa shi a tukunya,” nakan ce.

“Ranka ya daɗe, Sarkin Kabeji,” in ji ta. “Kai ciki kawai ka sani. Hancin naka fa, shi azumi yake yi?”

Kowace shekara idan ta tara iri, biyu take raba shi. Rabi ta shuka, rabi ta ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwali ta jefa a akwati. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce ƙasa ba ta taɓa yi mata alkawari ba.

Da sanyin shekarar nan Allah Ya karɓi abarsa, bayan jinyar kwana tara. 'Yarmu, wadda aure ya kai nesa, tafiyar yini biyu a mota, ta kira ni a waya bayan ta koma ɗakinta.

“Baba, ƙullin Inna yana nan?”

“Yana nan.”

“Ka raba mana. Ko ƙwaya goma ce ka aiko min in shuka a ƙofar ɗakina. Ni ba kayanta nake so ba, ƙamshin nan nake so in ji.”

Na ce to.

Ban aika ba. Da lokacin shuka ya yi, sai na ce ƙwaya goma me za ta yi mata, bari in shuka duka in aika mata da cikin hannu biyu. Na tuge latas daga fangalin tsakiya, wanda ya fi kowanne ƙasa mai kyau, wanda tana da rai ban yarda ta taka shi ba, na kwance ƙullin na zuba irin kaf. A kwana na biyar suka tsiro, guda arba'in da ɗaya. Na gan su sirara. Ni kuwa mai kabeji ne, idan na ga shuka siririya ba abin da ke faɗo min sai taki. Ruɓaɓɓen takina ya ƙare a gindin tumatir, sai na tura baro zuwa kejin kajin makaranta na kwaso ɗanyen kashi na zuba musu. Na san ɗanyen kashin kaji wuta ne. Shekara ashirin ina hana yara wannan aikin. Amma na ce zan bi shi da ruwa. Gaskiyar magana, so na yi in ba su a yini ɗaya abin da na hana ta a shekara ashirin.

Da safiyar Talatar nan na same su a kwance, dukkansu, kamar an bi su da tafasasshen ruwa. Na tona da yatsa. Saiwar ta yi baƙi.

Malamin kimiyya, wanda yara ke kira Kimiyya, ya biyo ta wurin da allinsa a hannu.

“Kai! Baba Lambu, wa ya yi wannan ɗanyen aiki? 'Yan aji biyu ne ko? Nuna min su in ja kunnuwansu har su kai kafaɗa.”

“Ni ne.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “To, ai akwai sauran iri.”

“Babu.”

Ya mayar da tabaransa ya tafi a hankali. Da azahar wayata ta yi ta ƙara a aljihu. Na ga 'yata ce. Na bar ta har ta gaji.

Bayan an tashi yara na zauna gaban Malam da littafina kamar kullum. Layi ɗaya na karanta sau uku ban fita daga cikinsa ba.

“Rufe littafin,” in ji shi. “Me ya mutu?”

Na faɗa masa maganar furen, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya saurara, tasbaha tana tafiya a yatsunsa. Sannan ya ce, “Kuskure ka yi, ba mugunta ba. Miƙo min butata.”

Na cika ta a famfo, ƙaramar buta ce da ba ta wuce kofi huɗu ba, na kama hannunsa zan kai shi fangalin tsakiya. Ya ce, “Ba nan ba.” Ya zare hannunsa daga nawa, ya shige gabana da sandarsa, mutumin da sai an riƙe shi yake sauka matakala, ya wuce tumatir bai taka ko ɗaya ba, ya wuce famfo, ya zagaya sitona na ajiye fartanya da shebur, ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin sito da katanga, inda ake jibge karyayyun bencina. A sanina ƙafarsa ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ƙasar lungun tsakuwa ce, ta taurare kamar siminti, ko ciyawa ba ta fitowa. Ya tsaya, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda.

“Wata baiwar Allah ta yawaita ambaton Ubangijinta a nan,” in ji shi.

Ban san da wannan ba. Sai daga baya abokiyar shararta ta gaya min cewa idan sun gama azuzuwa, nan mai ɗakina take shimfiɗa kwali ta yi sallar walaha, don kada yara su dame ta. Shekara ashirin tana yi, ni ina can bayan bango ɗaya ina faɗa da tsutsar kabeji.

Malam ya tsuguna ya yi alwalar la'asar, ruwan yana sauka a kan tsakuwa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya wadda ban ji lafazinta ba. Da ya miƙe ya ce, “Kada ka haƙa, kada ka sa taki, kada ka zuba ruwa. Hannunka ya huta. Kuma ka amsa kiran 'yarka.”

Ban gaya masa ta kira ba.

Kafin magariba na kira ta na faɗa mata abin da na yi. Sai ta ce, “Baba, ka ci abinci kuwa yau?” Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ranar Laraba Malam ya zo ya yi alwala a lungun. Alhamis ma haka. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar na kwanakin nan ba, ina riƙe da tiyo ruwa na zuba, lungun yana taku goma daga gare ni, rana tana gasa shi, ni kuma an ce hannuna ya huta. Sau biyu na ja tiyon har kusurwar sito, na komo da shi.

Ranar Juma'a da safe na leƙa. Tsiro guda bakwai, sun ture tsakuwa sun fito, ganye bibbiyu masu jan gefe. Ko cikin dubu zan gane su, domin shekara ashirin ina hararar su. Na zauna a kan karyayyen benci ina kallonsu.

Kimiyya ya zo ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. “Baba Lambu, iri yakan kwanta a ƙasa shekaru bai mutu ba. Wataƙila a nan take murza shi, wasu ƙwayoyi suka zube.”

“Damina nawa ta sauka a lungun nan?”

“Da yawa.”

“Ya tsiro?”

Ya sosa ƙeya. “Ni dai abin da ke littafi na faɗa maka, kada ka cinye ni.”

Na kai wa Malam maganar ina huci. Ya yi murmushi ya ce, “Malamin kimiyya gaskiya ya faɗa, irin yana nan. Wanda Ya ajiye shi, Shi Ya tashe shi. Ni alwala kawai na yi.” Ya hana ni yaɗa zancen, na kuma kama bakina har ya bar duniya.

Haka suka girma, ba abin da suke sha sai ruwan alwalar la'asar, buta ɗaya a yini, a cikin zafin da latas ɗina ke laushi alhali tiyo yana kansa safe da yamma. Wata la'asar ina naɗe tiyo sai ƙamshin ya zagayo sito ya same ni. Wallahi sai da na juya zan ce mata ta cinye min wuri. Babu kowa, sai tsintsiyoyi a jingine da bango. Na daɗe a tsaye da tiyo a hannu.

Da na isa baranda, Malam ya riga ya ɗaga kansa yana shaƙa. “Ya buɗe,” in ji shi. Na ce bari in tsinko masa ɗaya. Ya ce, “Bar shi ya yi iri. Akwai mai jira.”

Bai ga irin ba. Fure yana kaɗewa ciwo ya kwantar da shi, na riƙa cika butarsa ina zubawa a lungun da izininsa, kwansuna suna nuna, shi yana ƙara nisa. Ranar wata Alhamis Allah Ya karɓe shi. Mutanen da suka taru don yi masa salla ban taɓa ganin irin yawansu ba, kowa yana faɗin abin da ya gani a wurinsa. Da aka watse na koma makaranta. Baranda wayam, sai gurbin da tabarmarsa ta yi a ƙasa. Na zagaya bayan sito, na taɓa kwanso ɗaya, na ji ƙwayoyin suna kaɗawa a ciki. Sun bushe.

Wannan shi ne abin da idona ya gani na karamar Malaminmu, waliyyin Allah mai ɓoye kansa, kogin ilimi, mai tausayin jahili irina. Har yau idan la'asar ta yi nakan saurari ƙarar sandarsa a kan matakala, nakan kuma saurari tsintsiya a aji na ƙarshe, ba na jin ko ɗaya. Ya Allah Ka jiƙansa, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayinKa, Ka jiƙan mai ɗakina, Ka yafe min abin da na hana ta, Ka yayyafa mana albarkar wannan bawa naKa ko da gwargwadon ruwan butarsa ne, Ka haɗa mu da su a inuwar rahamarKa. Amin.

Washegarin jana'izar, kafin a kaɗa ƙararrawa, na tsinke kwansunan na murza su a tafin hannu a bakin ƙofar sito, na hure ƙaiƙayin. Na raba irin biyu. Rabi na ƙulle a bakin tsohon ɗankwalin, na kai tasha na ba direban motar farko ya kai wa 'yata, na tsaya har ta tashi. Na komo na zauna gaban rabin da ya rage. Na sake raba shi biyu.