Hancin Duna da Wandon Baƙo

Ku gyara zama, ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Iya!

Wata mata ce ana ce mata Ladingo, gidanta na bakin gari, gefen hanyar kasuwa. Ba miji, ba ɗa. Awaki tara gare ta, sai kare guda, baƙi wuluk, sunansa Duna. Duk matafiyin da rana ta doka, a zaurenta yake hutawa ya sha fura.

Duna ba ya cizo, ba ya sata. Hali guda ne ya ɓata shi. Da baƙo ya yi sallama sai ya taso yana kaɗa wutsiya, ya cusa hanci tsakanin cinyoyin mutum, ya yi ta shinshina. Ku yi ta dariya, ai ba ku aka yi wa ba.

Ya yi wa wanzami, wanzami ya zabura, zabira ta faɗi, asake suka watse. Ya yi wa liman ranar Juma'a, da fararen kayansa. Dole liman ya koma gida ya sake wando, jama'a na gasuwa a rana suna jira.

Sai dagaci ya aika a kira ta.

Ya ce, "Ladingo, sau biyu ke nan. Ran da ya yi na uku, za a ɗaure shi a gindin kukar bayan gari, kura ta yi kalaci da shi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai gare ni."

Ya ce, "Na gama magana."

Ladingo ta koma gida, ta kasa zaune, ta kasa tsaye. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗora tukunya, ta manta ba ta hura wuta ba. Tsoro ne ya kama ta, don ta san in Duna ya tafi, ba mai taryenta a ƙofa kuma.

Ta zane shi da tsumagiya. Washegari mai tallan gishiri ya yi sallama, Duna ya nufe shi, da ƙyar ta riƙe ƙafarsa. Ta shafa masa barkono a hanci. Ya yi atishawa kwana biyu, ran na uku hanci ya dawo garau. Ta ɗaure shi da igiya a turke, ya yi ta kuka har ta ji kanta zai rabe biyu.

Ta durƙusa gabansa ta ce, "Duna, me ka ajiye a wandon mutane? Gaya mini!"

Ya ce, "Uwar ɗakina, sai yau kika tambaya. Ku da ido kuke sanin juna. Ni kuwa ido ba ya gaya mini komai. Fuska a yi mata kwalliya, riga a aro ta, murya a sake ta. Warin jiki ne ba a arowa, kuma wuri biyu yake taruwa, hammata da tsakanin cinyoyi. Hammata ta yi mini nisa. Da na shaƙa sau ɗaya na san namiji ne ko mace, lafiya yake ko ciwo, na taɓa ganinsa ko baƙo ne. Gaisuwata ke nan. Ina rashin kunya a ciki?"

Ta ce, "Gaisuwarka za ta kai ka cikin kura."

Ba ta rufe baki ba sai ga sallama. Dagaci ne da kansa, da wani baƙo dogo, ya sha babbar riga, rawani har ido, turare kamar an yi ɓarinsa. Hannuwansa na cikin riga, ko musabaha ba ya yi.

Dagaci ya ce, "Falken awaki ne, babban mutum. Zai sauka gidanki kwana uku. Ki gyara masa ɗakin da ke jikin garke."

Baƙo ya ce, "Karen gidan a ɗaure yake?"

Ta ce, "A ɗaure yake."

Ta kawo fura, ya ƙi sha. Ya ce, "Igiyar mai ƙarfi ce?"

Ta ce, "Mai ƙarfi ce."

Ya leƙa garke. Awaki suka dunƙule a lungu, ba mai ko tari. Ya ce, "An dai ƙulle igiyar karen da kyau?"

Ladingo ta duba, sai ta ga rawaninsa ya jiƙe sharkaf da yawu wajen baki. Gabanta ya faɗi. Ta zagaya wurin turke.

Duna ya ce, "Turaren nan ya toshe mini hanci, daga nan ba na jin komai. Sake ni."

Ta kama igiya, ta saki. Ba ta kwance ba, don in mutumin kirki ne, na uku ya cika, kuma a kan idon dagaci. Ta koma zaure, ta dubi baƙo, ta dawo. Ta kama igiya, ta saki. Ta dubi awakinta, ta dubi karenta, hawaye ya zubo mata. Ta kama igiya karo na uku, ta kwance.

Duna ya yi fit, sai ƙarƙashin babbar riga. Dagaci ya daka tsawa, "Na uku ke nan!" Ai kuwa bai ƙarasa ba Duna ya ja da baya, da abu a bakinsa. Wutsiya ce, guntuwa, mai buzu-buzu!

Baƙo ya kwarma ihu, riga ta yage, ga farata, ga dabbare-dabbare. Kura ce! Ta tsallake danga tana ɗingishi, rawani na binta a ƙasa. Dagaci kuwa, ban san yadda aka yi ba, sai a kan rumbu aka gan shi, da ƙaton tumbinsa.

Da ya sauko ya karkaɗe riga, ya ce, "An yafe masa. Amma fa ni har gobe ba na son hanci a wandona."

Ladingo ta ce, "Ranka ya daɗe, Duna yana da gaskiya, kai ma kana da gaskiya. Ga shawara. Baƙo in ya zo, ya tsaya cik, kada ya zabura. Ya dunƙule hannu ya miƙo ƙasa. Ni kuma in ce wa Duna zauna. In ya zauna ya shinshina hannu, ya bar wando, in ba shi ƙanzo."

Duna ya ce, "Hannu bai kai can ba, amma da gumi a tafi, zai ishe ni. A dai riƙa tunawa da ƙanzon."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, a fara da kai."

Dagaci ya miƙo hannu yana cije baki. Ladingo ta ce, "Zauna." Duna ya zauna, ya shinshina, ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu tsoron nan bai sake ka ba. Kuma wandon nan, tun kana kan rumbu..."

Ladingo ta cusa masa ƙanzo a baki. Ta rungume wuyansa tana dariya tana kuka, ta raɗa masa, "Abin da hancinka ya ji, bakinka ya riƙe."

Tun daga ranar kare ya daina magana. Ya san komai a kanku, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Don haka in kare ya nufo ku da hanci, kada ku yi ihu, kada ku ɗauki sanda. Tambayarku yake yi ko ku su wane ne, ku miƙa masa hannu. Wanda kuke zaune da shi kuwa, in halinsa ya dame ku, ku tambaye shi dalili kafin ku dake shi.

Ta ƙare, ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami. Ku tashi ku ba ni tabarmata.