Shukar Kurege a Kurmin Iya Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ta zo mu ji ta. Gwani kamata, ko goro babu.

Da Iya Giwa ta rasu, dabbobi suka dasa kurmi don tunawa da ita, suka ce wanda bai dasa ba, ba shi ba inuwa. Kurege bai dasa ba, yana can yana binne guzurinsa a cikin kurmin, 'ya'yan tafasa da karkashi, har ya manta wuraren.

Damina ta faɗi, furannin tafasa da karkashi suka rufe kurmin, zuma ta sauka.

Bushiya ta ce, "Kawu, mun san mantuwa ce, amma Iya mai son fure ce. Shigo inuwa."

Kurege ya gyara wutsiya ya ce, "Mantuwa? 'Yar nan, haka manya ke shuka."

Ya shiga, cikinsa na ƙugi.

Ƙurunƙus kan kusu. Ina gorona?