Kalmomi Biyar da Muryar Asabe

Ku zauna ku ji wannan, sannan ku yanke hukunci, domin ni na kasa.

Malam Ishaku abokina ne tun muna rubutu a kan sileti a makarantar mishan. Matarsa Asabe ce ke ba da waƙa a majami'armu. Da ta rasu, kaset ɗaya ya rage masa na muryarta. Kafin kaset ɗin ya mutu, aka kwafe waƙoƙin aka ajiye a intanet. Amma kalmar sirrin da ya sa, sunan Asabe ce, wadda kowa a unguwa zai iya cinka.

Babbar 'yarsa Tabita ta yi ta zama da shi a gindin mangwaro, tana tattara sunayen kayan ƙauyensu da itatuwa da tsuntsaye waɗanda yaran yanzu ba su sani ba, har suka yi yawan gaske.

Ɗansa Istifanus ya rubuta 'yar manhaja mai zaɓo kalmomi daga cikinsu kamar ana jefa ƙuri'a, don su zama sabuwar kalmar sirri. Ya danna, ya juya baya don kada ya gani. Ta fitar da taskira, gawo, maburgi, akushi, hazbiya.

"Wannan ai shirme ne," in ji Malam.

"Shi ya sa ba mai cinka, Baba."

Malam ya ƙi rubuta su a takarda, kuma kullum sai ya manta. Auta Kande ta ɗora masa su a kan karin waƙar da uwarsu ke yi wajen niƙa, har suka zauna masa. Ta yi aure nesa. Kalmomin suka ɓace mata, karin ya rage.

Wata shekara ɓarayi suka ɗauke kwamfutar Malam. Suka gwada sunan kowa na gidan, ma'ajiyar waƙoƙin ta ƙi buɗuwa. Bayan haka ɓarin jikin Malam ya shanye, magana ta ɗauke, ga shi ba wanda ya riƙe kalmomin sai shi. Sai ya riƙa nuna hoton Asabe, yana taɓa kunnensa.

Kande ta zo ta durƙusa kusa da shi tana rera karin. Bakin da ya kasa cewa "ruwa" ya kama waƙa, amma a murguɗe, ba mai fahimta. Tabita ce ta tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya, domin daga wannan bakin ta fara jin su. Aka buɗe. Ina wurin sa'ad da muryar Asabe ta cika ɗakin. Bai daɗe ba Malam ya bi matarsa.

Yanzu mataccen kaset ɗin nan, mai rubutun hannun uwarsu a jiki, kowa cikin 'ya'yan na so.

"Yaya, ba don ƙuri'ata ba, da waƙoƙin suna hannun ɓarayi," in ji Istifanus.

"Ƙuri'ar me za ka jefa a ƙwarya wofi?" in ji Tabita.

Kande kuwa ta riƙe kaset ɗin, ta ƙi saki.

Suka ce ni zan raba, tunda ni na rage cikin tsaran ubansu. To, ku faɗa mini, hannun wa zan danƙa wa?