Kilif a Aljihun Julius

Akwai wani bakanike a Dutsen Kura mai suna Julius. Hannunsa yana da kyau, ba a musun wannan, sai dai bakinsa ya fi hannun sauri.

Cikin kwastomominsa akwai Jiya, malamin firamare mai tsohuwar mota atomatik. Duk wata yakan je Zungeru ya ɗauko mahaifiyarsa zuwa asibiti a Minna, saboda ciwon zuciya. To man giyar yana yawan zafi a hanya, motar ta riƙa fizga. Julius ya ce a ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto a gaba, wanda zai riƙa sanyaya man.

Al'adar garejin nan, in an taɓa tiyon mai, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, a bar inji yana aiki har mai ya yi zafi. In ba ɗigo, sannan a miƙa makulli.

Ran nan Julius ya ɗaura lagireton, ya haɗa tiyo, ya rufe bonet.

"Oga Julius, kwalin fa?" in ji Jiya.

"Ticha, kwali na 'yan koyo ne. Ni hannuna ba ya yoyo. Ja motarka."

Da yamma ya sa hannu a aljihu, sai ya ji kilif ɗaya, zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo. Na motar Jiya ne, ya manta bai ɗaura ba. Ga lambar Jiya a wayarsa, ga kuɗin kira. Amma yaya mutumin da ya ce hannunsa ba ya yoyo zai kira ya ce a dawo? Ya ce a ransa tiyon ai ya shiga gam, zai riƙe.

Ya riƙe kuwa, har ranar da ciwon tsohuwa ya tashi. Jiya ya ɗauko ta yana gudu. A tsakiyar daji tiyo ya fita, man giya ya tsiyaye kaf. Inji yana kuka, mota ba ta tafiya. Kafin wata mota ta tsaya musu, tsohuwa ta cika a kujerar baya.

Bayan an yi jana'iza, Jiya bai nemi kowa ba sai Julius, ya raka shi su jawo motar. Tun daga nesa Julius ya ga jan layin mai a kan kwalta, ya miƙe har ƙarƙashinta.

"Lokacinta ne ya yi, Oga," Jiya ya ce. Sai ya buɗe but ɗin bayan motar. Doya ce a jere. "Tun ran da na gaya mata ka gyara mana mota ta ware maka wannan. Ta ce a gode maka."

Julius ya karɓa da hannu biyu.

Yau ba motar da ke barin garejinsa ba kwali. Wani sa'in ma mota ta tafi, shi yana nan tsugune yana duba kwalin da ba ɗigo. Doyar kuwa ya kasa ci, ya kasa bayarwa. Tana nan a lungun gareji har ta yi tsiro.

Darasi: In ka gano kuskurenka, ɗaga waya tun da sauran gyara. Kunyar "na yi mantuwa" ta yini ɗaya ce, girman kai kuwa yakan ci ran wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ku tura wa duk wanda rayukan mutane ke bi ta hannunsa.