Marinin da Ya Rina Kunkuru

A duk ƙasar Karaye, in ji Ɗanmaliki marini, ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda wani kunkuru ya zalunce shi ba. Ya ga fari, ya ga yunwa, ya yi aikin tilas na hanyar mota a zamanin da Di'o, Baturen mulki, ke zuwa rangadi a kan doki, amma duk wasan yara ne, in ji shi, in aka kwatanta da abin da wannan dabba ta yi masa. Ta rasa lokacin da za ta kamu da mura sai makon da aka bar masa amanarta.

Ɗanmaliki ya ba arba'in baya. Gwanin rini ne, gwanin baki kuma, mai wayo da son raha. Aibinsa guda: ba ya iya jure a yabi wani abu a gabansa in ba aikin hannunsa ba ne.

Kunkurun na Gwaggo Hajo ne, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke zaune a gidansa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun tana budurwa ta tsinci kunkurun a gonar mahaifinta, ta tafi da shi gidan aure, ta dawo da shi bayan rasuwar mijinta. Auta take kiransa. Da shi take hira in tana kaɗi.

Ana tsakiyar damina aka aiko mata da rasuwa daga Rogo. Za ta yi kwana bakwai. Da za ta tafi ta ce, "Ɗanmaliki, ga Auta nan. In hantsi ya fito a fitar da shi ya sha rana, in hadari ya haɗo a shigar da shi. Kada ruwan sanyi ya taɓa shi."

Ya ce, "Haba Gwaggo, ni da nake riƙe da gida, kunkuru ne zai gagare ni?"

Kwana biyu da tafiyarta, wani falke mai suna Maiturare ya biyo ta karofi, wurin ramukan rini, riƙe da yadin da ya sayo a kantin Turawa a Kano. Ya baza shi yana cewa shuɗin Bature ba ya koɗewa ko an wanke sau ɗari. Marina suka kewaye suna taɓawa.

Ɗanmaliki ya taɓe baki. "Shuɗin gwangwani ke nan. Baban rinin da ke ramina ko ƙashi na tsoma sai ya kama."

Maiturare ya yi dariya. "To Sarkin Baki, nemo ƙashin mana."

Ɗanmaliki ya nufi gida, ya tarar da Auta yana shan hantsi. Ya sa shi a buhu ya dawo. Ya ɗaure shi da igiya ya zura a rami mai sanyi, ya ciro, ya bari iska ta sha shi, ya sake zurawa, kamar yadda yake yi wa zane. Da la'asar ƙoƙon bayan kunkurun ya koma shuɗi mai duhu har yana ƙyalli. Aka yi ta shewa. Maiturare da kansa ya naɗe yadinsa ya tafi. Don kada rana ta taɓa rinin kafin ya zauna, Ɗanmaliki ya mayar da kunkurun gida ya ɓoye shi a gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa.

Matarsa Lantana ce ta fara jin ƙarar, washegari da ta je ɗiban ruwa. Wani siririn fito ne, yana tsayawa yana dawowa. Ta leƙa ta ga abu shuɗi ya miƙe wuya, baki a buɗe, kumfa na fita ta hanci. Moɗa ta faɗi daga hannunta.

Ta ce, "Malam, me ya sami Auta?"

"Faɗawa ya yi a rami. Dabbar nan ba ta jin magana."

"Daga nan har karofi da ƙafarsa?"

"Ke kin san saurinsa in ba a kallonsa?"

Lantana ta ce a fitar da shi rana, a kuma kai shi wurin malamin dabbobin da ke yi wa shanu allura a bakin gari. Ɗanmaliki ya ƙi. In an kai shi, gari zai ji, kuma shi bai ga abin da mai sokar shanu ya sani da shi bai sani ba. Ya zuba barkono a garwashi, ya kifa kwando a kan kunkurun don hayaƙi ya fasa majinar. Da aka ɗaga kwandon, idanun Auta sun kumbura sun rufe. Aka ba shi ganyen rama, bai ko sansana ba. Ɗanmaliki ya zargi damina, ya zargi randa, ya zargi bakin Maiturare.

Ran da Gwaggo Hajo ta dawo, ba ta ko ajiye ƙunshinta ba ta ce, "Ina Auta?" Lantana ta nuna mata da hannu. Tsohuwar ta tsaya a kansa kamar an kafe ta. Ta ɗauke shi a zanenta. Da safe ta kai shi inda rana ke fara sauka, ta riƙa share masa hanci da tsumma mai laushi, tana ɗiga masa ruwa mai ɗumi a baki. In gari ya yi sanyi ta ajiye shi gefen murhu inda hayaƙi ba ya zuwa. Kwana uku tana haka. Ran na huɗu da hantsi fiton ya tsaya, bai dawo ba. Auta ya mutu.

Maƙwabta suka shigo, don kowa ya san Auta. Ɗanmaliki ya tsaya a tsakar gida yana sake ba da labarin faɗawar, har da nuna yadda ya zura hannu ya ceto shi.

Gwaggo Hajo tana shafa ƙoƙon, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na yarda faɗawa ya yi. Wannan rinin ai ba na gwani ba ne. Dubi yadda ya yi dabbare-dabbare."

Ɗanmaliki ya zabura. "Dabbare-dabbare? Gwaggo, tsomi tara ne fa wannan, da hannuna. Je ki duk Karaye ki nemo wanda zai..."

Sai ya farga da abin da bakinsa ya faɗa. Lantana ta rufe baki da gefen mayafinta.

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi. "Tara," ta ce. "Yana ta haɗiyar ruwa kana ƙirgawa."

Ɗanmaliki ya durƙusa a gabanta ya cire hula. "Ni ne, Gwaggo. Ba damina ba ce, ba randa ba ce. Ni na kai shi, ni na tsoma shi, ni na hana a nema masa magani."

Ta naɗe Auta a tsohon zanenta, ta miƙa wa Lantana, ba shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son a yabe ka yana iya sa ka wasa da ran da aka ba ka amana, ko da na dabbar da ba ta iya kuka ne. Kuskuren farko na Ɗanmaliki yana da gyara, da ya faɗi gaskiya a ranar ya bari an nemi wanda ya sani. Ɓoyewa da girman kai ne suka ƙarasa kunkurun. In ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri tun ana iya ceton abin, kada ka jira sai bakinka ya tona ka a gaban jama'a.