Muryar Fumie a Cikin Kwali

Akwai wani mutum a nan Osaka, sunansa Shigenobu Nunome, shugaban wani kamfani da ke ƙera na'urar wasan gem ta hannu, irin mai murfi da yara ke buɗewa kamar littafi. Kamfanin ba wani babba ba ne, amma a unguwarmu da wuya ka sami gidan da babu wani nasu da ya taɓa cin abinci a cikinsa.

Nunome ɗin ma ba sunan ubansa ba ne. Ya shigo kamfanin yana saurayi injiniya, ya auri Fumie, babbar 'yar mai kamfanin. Da yake mai kamfanin, tsoho Tokuji, bai haifi namiji ba, sai ya mai da surukin ɗa, ya ba shi sunan gidan, kamar yadda aka saba. A gabansa Shugaba ake ce masa. A bayan idonsa kuwa "mijin Fumie" ne, kuma ya sani. Wannan ƙayar ya yi shekara da shekaru yana takawa da ita.

Tsoho Tokuji yana da wata ɗabi'a. Duk sabuwar shekara, idan yara suka gama zagayen kawunnai da gwaggonni suka tara 'yan ambulan ɗinsu na kuɗin shekara, sai ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofar shagon kayan wasa na kasuwar unguwa, yana kurɓar shayi yana kallo. Yana ganin wanda ya fito da kwali a hammata, yana ganin wanda ya fito yana jan majina. A kan kujerar nan yake yanke farashin na'urarsa. Yakan ce abin da ɗan talaka ba zai iya saya da ambulan ɗinsa ba, ba kayan wasa ba ne, kayan baƙin ciki ne.

Shigenobu kallon ƙauyanci yake yi wa abin. Bai taɓa furtawa ba dai har tsohon ya rasu.

Shi da Fumie ba su sami haihuwa ba. Tagar gidansu tana kallon makarantar firamare, kuma kullum da la'asar Fumie tana ganin yara da makulli rataye a wuya, suna komawa gidajen da babu kowa, iyaye suna wurin aiki. Mu nan ko kare ne ya shigo gida sai an yi masa sannu da dawowa. Yaro ya buɗe ƙofa, ya ce na dawo, shiru ya amsa masa, wannan abin yana cin ran Fumie ba kaɗan ba.

Shi ya sa da aka fara ƙera sabuwar na'ura mai suna Tsubame, ta roƙi mijinta abu guda. Tana so duk lokacin da yaro ya ɗaga murfin, ya ji murya ta ce masa, "Sannu da dawowa." Lokacin ciwo ya riga ya ci jikinta, amma ta nace ita za ta yi. Ƙanwarta Kayoko, wadda ke riƙe da sashen ciniki na kamfanin, ita ta riƙe ta har ɗakin ɗaukar murya.

Fumie ba ta ga fitowar Tsubame ba.

Ranar da aka fito da ita, Shigenobu ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi farashi, yen dubu arba'in. Kusan ninki biyu ke nan na abin da tsohon zai yarda a sa. Wani ɗan jarida mai bakin tsiya ya tambaye shi yaushe za a rage, don ya san lokacin da zai saya wa 'yarsa. Aka yi dariya. Shigenobu bai yi ba. Ya ce muddin yana kan kujerar nan, ko yen ɗaya ba zai sauka daga kan Tsubame ba.

Magana zarar bunu ce. Mutumin da ya faɗi haka a bainar jama'a a ƙasar nan, hanya ɗaya ce ta janyewa, ya dawo gaban kyamarorin nan ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Shigenobu kuwa gara a ce ya haɗiyi allura.

Sabuwar shekara ta zo. Kayoko ta ɗauki kujerar babanta ta je ƙofar shagon nan ta zauna. Ta ga yara suna ɗaga murfin ta gwaji da aka ajiye a kan kanta, suna jin muryar yayarta, suna dariya, suna rufewa suna sake buɗewa. Sai su leƙa farashi, su leƙa ambulan, su tafi su ɗauki ta wani kamfanin.

Washegari ta shiga ofishinsa ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Dama can akwai wasa tsakaninsu, ita kaɗai ce a kamfanin ba ta ce masa Shugaba.

"Yaya, sito ya cika. Mu mai da ita dubu ashirin da biyar. Abin da muka rasa a na'ura mu samo shi a wasannin da za su saya."

Ya ce to waɗanda suka amince da shi suka saya da tsada fa, ya ce musu su wawaye ne? Ta ce a ba su wasanni kyauta, a ba su haƙuri, ba a kansa aka fara ba. Ya ce kowace guda za a sayar da ita a kan hasara. Ta ce wadda ke kwance a sito ribar me take kawowa? Duk ƙofar da ya bi sai ta tare, har dai ya fito da abin da ke ransa.

"Kayoko, muryar yayarki ce a ciki. Ba kifin yamma ba ne da za a manna wa takardar rabin kuɗi."

"To da kwali ta ce maka tana son ta yi hira?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Yaya. Sunkuyo ɗaya ne fa. Idan bayanka ne ke ciwo, ni zan riƙe maka kwat."

Ya ce ta fita ta rufe masa ƙofa.

Ni dai na san mutumin, kuma ba zan ce ƙarya yake yi ba da ya ce yana kishin muryar matarsa. Yana son ta, so na gaske. Amma ƙarƙashin son nan akwai wani abu a kwance. Idan ya rage farashi, ya yarda ke nan kujerar tsohon ta fi lissafinsa, shi kuma har gobe mijin Fumie ne kawai. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai ya haɗa girman kan da soyayyar ya kira su da suna ɗaya.

Wata sabuwar shekarar ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Masu rubuta wasanni suka janye ɗaya bayan ɗaya, don ba mai yin waƙa a ɗakin da babu kowa. Shaguna suka yi ta maido da kaya. Aka kama hayar sito na biyu a bakin ruwa, mai rufin kwano, saboda ya fi araha. Kayoko ta yi magana har ta gaji, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

A gida yana da Tsubame guda, ta farkon fitowa, a ajiye gefen hoton Fumie, inda yake kunna mata turare yana sa mata 'yar shinkafa da safe. Bai taɓa ɗaga murfinta ba. Ya ce wa Kayoko ba zai iya ba.

Sai aka shiga watan Agusta, da zafin nan namu mai narka kwalta, makon Obon, lokacin da ake kunna fitilu a ƙofar gida don matattu su gane hanya su zo su ga nasu. A makon nan masu gadin siton bakin ruwa biyu suka ajiye aiki. Da aka matsa musu, suka ce akwai mace a ciki, tana magana.

Shigenobu ya ce shirme ne, ya ɗauki makulli ya tafi da kansa da tsakar rana.

Ya tura ƙofar. Zafi ya buge shi kamar ya buɗe tanda. Kwalaye ne jere har rufi, layi bayan layi, ƙura ta kwanta a kansu. Babu motsin komai. Ya yi 'yan taku, ya tsaya, har ya juya zai fita.

"Sannu da dawowa."

Daga can ƙarshen layi ta fito, a hankali, kamar ana magana ta cikin bargo. Kafin ya gane inda take, sai wata ta amsa daga sama, kusa da rufi. Sai wata a bayansa. Muryar da ya yi shekaru yana gudun ji, ga ta tana fitowa daga kwalayen da ba a taɓa yanke wa salatif ba, tana yi wa duhu sannu.

A ƙasa masu shara suka same shi zaune, rigarsa sharkaf da gumi, yana cewa, "Na dawo, na dawo."

Tun a mota ya kira Kayoko. Ya ce ta tara 'yan jarida gobe, zai sunkuya ko sau nawa suke so. A mai da Tsubame rabin kuɗi, ko ƙasa da haka, in ta kama a kai makarantu a raba. Kayoko ta ce min tana kuka tana dariya a lokaci guda, har ta fara buga wayoyi.

Amma da injiniyoyi suka yanka kwalayen, sai suka ga abin da ya faru. Shekarun da aka yi ana gasa su ƙarƙashin kwano, baturan sun kumbura. Idan batir ya kumbura sai ya tura murfin ya ɗan ɗaga, na'urar kuma ta ɗauka yaro ne ya buɗe ta. Batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta a hannu. Ba mai ba yaro irin wannan ko kyauta, kuma kamfanin ba shi da sauran ƙarfin sauya su. Na sito na farko ma da aka duba, sun fara.

Ihu ya zo bayan hari. Taron 'yan jaridar da aka yi, na sanar da rufe kamfani ne.

Mu nan ba a zubar da abin da aka yi rayuwa da shi haka kawai. Ko tsohuwar allura ce ko 'yar tsana, sai an kira malamin haikali ya yi mata addu'ar sallama, an gode mata. Haka aka yi wa Tsubame. Aka jera wasu a kan tebur a bakin siton, aka kunna turare, ma'aikata suka tsaya cikin baƙaƙen kaya, malamin yana karatu.

Ana gamawa masu kwance kaya suka fara aiki. Dokar aikinsu sai an cire batir kafin a niƙa sauran, batir kuwa ba ya ciruwa sai an ɗaga murfi. Da yawa sun riga sun mutu, ba su ce komai ba. Amma masu sauran wuta ba su da iyaka. Wannan ta ce sannu da dawowa, waccan ta ce, wata ta kai rabin maganar ta yanke. Maza majiya ƙarfi suka riƙa toshe kunne da auduga.

Shigenobu bai toshe ba. Kullum sai ya zo ya tsaya daga safe har a tashi, har aka gama da kwali na ƙarshe. Ranar nan ya juya ya fuskanci tarin robobin, ya sunkuya, irin sunkuyon da ya hana 'yan jarida, ya daɗe bai ɗago ba. Kayoko tana gefensa. Ba ta riƙe masa kwat ba.

Da ya ɗago, ya ce mata ko ba komai an yi wa muryar Fumie sallama cikin mutunci.

Ta dube shi, ba da faɗa ba. "Yaya, yaran ƙasar nan duka ta so ta yi wa sannu. Ka sa ta yi wa masu fasa ta."

Yanzu ya tsufa, yana nan shi kaɗai a gidan da ke kallon makarantar. Wadda ke gefen hoton ita ce ta rage masa. Kayoko ta ce min bara ya yi ƙarfin hali ya ɗaga murfinta, sai ya tarar batirin ya daɗe da mutuwa, ba ta ce masa komai ba.

Duk sabuwar shekara ina ganinsa a ƙofar shagon kayan wasan nan, a kan kujerar tsohon, yana kallon yara da ambulan ɗinsu. Maƙwabciyarsa ta ce idan ya koma gida ya buɗe ƙofa, yakan ce na dawo, sa'an nan ya tsaya a bakin ƙofar yana saurare kafin ya cire takalmi.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ya iya sa rigar ƙauna da ta mutunci har mai shi ya kasa gane shi. Darajar abu ba a tsadarsa take ba, tana cikin isarsa hannun wanda aka yi shi dominsa. Idan akwai maganar da ka faɗa kake jin nauyin janyewa, ka sunkuya yau tun sunkuyon yana da amfani. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wannan mai taurin kan da ya faɗo muku a rai tun kuna tsakiyar karatu.